Kajina goma sha bakwai a Agadas

Ranar da za mu tashi daga Matamaye zuwa Agadas, Inna ta zuba mini sagaru uku da ɗan zakara ɗaya a kwando, ta rufe da tsohon zane. Maigidana bai so ba, ya ce hanya da nisa, kilomita wajen 450 ne daga Damagaram, ga rana, ba za su kai ba. Inna ta ce, "Ka bar mata, 'yar nan da kaji ta tashi." Haka muka taho. A Tanut na ba su ruwa a murfin kwano, a Adarbisanat na sake ba su. Dukkansu sun iso da rai.

A gida ban taɓa ɗaukar kiwon kaza aiki ba. Da safe ka buɗe akurki, ka watsa tsaki, su fita. Akwai gara a gindin zana, akwai ciyawa da damina, akwai ƙwari a juji, akwai inuwar darbejiya da ta tsamiya. Kaza ita ke kiwon kanta, kai naka ƙwai da nama. A Agadas kuwa gidan da muka kama fili ne na rairayi da katangar ƙasa, babu itace ko ɗaya. In kaza ta yi tono, rairayi take tararwa, ta ƙara tonawa, rairayi. Ruwan da ke sauka a shekara duka bai kai rabin na garinmu ba, kuma kusan dukansa a Yuli da Agusta yake zuwa. Don haka duk abin da zai shiga cikin kazar nan daga hannuna zai fito. Gero kuma daga kudu ake kawo shi, tiya tana da tsada, ba abin watsa wa kaza kullum ba ne. Na koma sayen dusa, ina haɗawa da ƙanzo da sauran tuwo, da ɓurɓushin busasshen kifi, da fara in an samu. Masu sayar da kayan lambu da ake saukowa da shi daga duwatsun Abzin suna zubar da ganyen salati da na kabeji da suka yanƙwane, ni kuwa na riƙa aika yaro yana kwaso mini.

Da sanyi muka zo, shi ya sa na ɗauka na gane garin. Maigidana ya kafa musu akurki da guntayen kwanon rufi a jikin katangar gabas, inda rana take dukansa tun daga azahar har faɗuwarta. A lokacin ba mu ga laifin wurin ba, don daren Janairu a nan sanyi ne mai shiga ƙashi, ɗumin da katangar ta sha da rana ma amfani yake musu.

Sai bazara ta shigo. Wanda bai yi Afrilu da Mayu a Agadas ba, ko na faɗa masa ba zai ji a jikinsa ba. Zafi yana wuce digiri 42 a inuwa, iska in ta kaɗo kamar daga bakin tanderu. Na fara ganin kajin suna buɗe baki suna haki, sun saki fukafukai nesa da jiki, sun daina cin abinci. Ƙwai ya ragu, wanda suke yi ma ɓawonsa ba ƙwari, da ka riƙe da ƙarfi sai ya fashe. Na ɗauka ciwo ne, na jiƙa musu barkono a ruwa kamar yadda na ga ana yi a gida.

Ta farko da na rasa jar sagara ce, wadda ta fi kowacce yin ƙwai. An yi suna a wata unguwa, na fita da hantsi na bar musu ruwa a farantin ƙarfe a tsakar gida. Ban dawo ba sai bayan la'asar. Na tarar farantin ya bushe ƙayau, ko taɓa shi ba a iya yi don zafi, ita kuma tana kwance cikin akurkin kwanon, ta je yin ƙwai ba ta fito ba. Ta riga ta zama mushe. Sauran suna maƙale a gindin randa, inda ruwa ke tsatsafowa.

Wannan gindin randar shi ya fara koya mini abin yi, sai kuma maƙwabciyata Hajiya, 'yar asalin garin, dattijuwa mai tattabaru da 'yan kaji. Ta leƙo ta ga akurkin ta riƙe baki. Ta ce, "Ƙanwata, wannan ai gasa su kike yi. Kaza ba ta gumi. A nan ba hatsi ke riƙe kaza ba, inuwa ce da danshi." Daga baya wani ma'aikacin kiwo ya ƙara mini bayani: zafin jikin kaza da kansa wajen digiri 41 ne, kuma ba ta da hanyar fitar da shi sai ta haki da zanko da ƙafafu. In iskar waje ta kai zafin jikinta, ina za ta zubar da nata? Ya ce yawan hakin nan ma shi ke ɓata ɓawon ƙwai, don yana sauya jininta har abin da take gina ɓawon da shi ya ƙaranta.

Muka rushe akurkin kwano. Muka koma jikin katangar yamma, wadda inuwarta ke faɗowa cikin gida da yamma, muka kafa rumfa doguwa da zana ninki biyu, da tazara tsakaninsu don iska ta ratsa. Gefen da iska ke shigowa na rataya buhunan algarara, ina jiƙa su da hantsi da kuma azahar. Iskar Agadas busasshiya ce, da ta bi ta jikin jiƙaƙƙen buhu sai ta fito da sanyi, kamar dai yadda tulu ke sanyaya ruwa. Farantin ƙarfe na jefar, na sayi kasake uku na binne su cikin ƙasa zuwa baki, ruwa ya riƙa wuni da sanyinsa. Uku na sa da gangan, don zakara da manyan kaji suna tare guda su hana ƙanana.

Abin da ya fi yi musu amfani kuwa rami ne. Na tona wuri mai faɗi a ƙarƙashin rumfar, zurfin tafin hannu biyu, kullum kafin rana ta take sai in zuba masa ruwan da na ɗauraye kwanuka ko na alwala. Ba a yin caɓi, danshi kawai ake so. Da azahar za ka gan su jere, kowacce ta tona gurbinta ta kifa ƙirji a kan rairayin mai sanyi, ta lumshe ido. Nakan zauna daga ƙofar ɗaki ina kallonsu, raina ya yi fari. Abinci kuma na sauya masa lokaci, da asuba bayan salla, sai kuma dab da magariba, domin narkar da hatsi da kansa zafi yake ƙara musu. Tsakar rana ɓawon kankana ne kawai da ganye. Na riƙa ƙona ƙashi ina dakawa da ɓawon ƙwai ina barbaɗa musu a dusa.

Duk wannan ruwa yake ci, ruwa kuma a bazara shi ne abin faɗa a unguwarmu. Akan kwana biyu famfo bai kawo ba, sai an saya wajen masu kura. Na ware bido ɗaya na ce na kaji ne, ko me za a yi ba a taɓa shi. Maigidana ya yi ƙorafi sau ɗaya, ya ce kuɗin ruwan kajin nan ya fi kuɗin ƙwansu. A watan Mayu gaskiya ya faɗa. Amma da damina da kaka sun biya, kuma bai sake magana ba.

Wata rana na tarar da durguwata ta faɗi, wuya a miƙe, zanko ya koɗe. Na ɗauke ta na tsoma ƙafafunta da ƙirjinta cikin ruwan randa, ban sa ƙanƙara ba, ban kuma jiƙa kanta ba, na ajiye ta a ɗaki kan jiƙaƙƙen tsumma ina mata fifita. Kafin la'asar ta miƙe. Ranar na ji na zama mai kiwo.

Kwanci ma sai da na koya sabo. Ƙwan kaza a digiri 37 da rabi yake ƙyanƙyasa cikin kwana 21, to a bazara iskar ɗaki ma ta wuce haka, ƙwan lalacewa yake tun kafin uwar ta hau. Na daina barin su kwanci daga Afrilu har ruwa ya sauka. Wata matsalar kuma bushewa ce: tsako ya fasa ƙwai, fatar ciki ta bushe ta manne masa, ya mutu a nan. Hajiya ta nuna mini in sa gurbin a ƙasa cikin fasasshiyar tukunya, in riƙa yayyafa ruwa a rairayin da ke kewaye a kwanakin ƙarshe. Da haka durguwa ta fito da takwas cikin goma. Wake, wata mai zanen baƙi da fari, ta fito da shida, daga baya kuma suka sake wani kwancin. Shirwa ta ɗauki biyu, muzuru ya ci ɗaya, mun yanka wasu, na sayar da wasu na yi wa yara kayan lakwal. Da sanyi na biyu ya shigo ina da goma sha bakwai.

Wake ta ɗana ce, mai shekara bakwai. Tun tana tsako ta samu rauni a ƙafa, shi ya riƙa ba ta tsaki a tafin hannu, ta saba da shi har in ya dawo daga lakwal sai ta biyo shi zaure. Kakarsa ta wajen uba da ta zo ta gani ta ce, "Maigida, sabo da kaza ba ya hana yanka." Ya ce tasa ba za a yanka ba. Aka yi dariya, ni kuma a raina na riga na ɗaukar masa alkawari.

Duk hankalina yana kan zafi. Na ɗauka in na fitar da su bazara lafiya, na gama. Ashe ba ta nan abin zai zo ba.

A watan Disamba na shiga kasuwa na ga wani zakara babba, dogon ƙafa, irin wanda nake so in inganta iri da shi. Kuɗin da aka faɗa ya yi sauƙi ƙwarai, ban tsaya na tambayi dalili ba. Na lura yana ɗan lumshe ido, na ce gajiyar hanya ce da ɗauri. Ina isa gida na kwance shi na sake shi cikin kajina, ya sha ruwa a kaskonsu. Bayan kwana uku ya daina cara. Ya tsaya a lungu ya saukar da fukafukai kamar mai babbar riga, yana kashi kore, numfashinsa da kurari. Washegari ya mutu. Kwana biyu a tsakani na buɗe rumfa da asuba na tarar da uku a kwance.

Abin da na yi a makon nan ba zan manta ba. Na jiƙa saiwa da ɓawon maɗaci, na daka barkono da tafarnuwa, na sayi kafso ina farkewa a ruwa. Ina ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya ina buɗe baki ina ɗura musu da cokali. Na ware marasa lafiya a bayan ɗaki, amma da hannun da na taɓa su nake zuwa in zuba wa masu lafiya dusa, da takalmin da na taka kashinsu nake shiga rumfa. Ban sani ba ni ce ke kai musu. Kullum da safe sai na ƙirga, kullum lissafin yana raguwa. Wasu a tsaye suke faɗuwa, wasu wuyansu ya murɗe kai ya juya sama, suna zagaye wuri ɗaya. Wannan murɗewar wuyan ita ta fi tayar mini da hankali.

A kwana na biyar maigidana ya ɗauko ma'aikacin kiwo. Yana gani ya ce annobar kaji ce, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila inda aka gan ta a 1926. Ya ce ƙwayar cutar ba irin wadda kafso ke kashewa ba ce, ba ta da magani in ta kama, rigakafi kaɗai gare ta, kuma da hunturu ta fi tashi. Ya tambaya ko na kawo sabuwar kaza kwanan nan. Na faɗa masa. Ya ce haka take tafiya: in ta faɗa wani ƙauye, mutane sai su yi maza su kwashe sauran kajinsu zuwa kasuwa kafin su mutu, shi ya sa ake samun araha. Ya ce duk kazar da aka sayo a ware ta mako biyu, ruwanta daban, abincinta daban. Bai yi mini faɗa ba, amma maganar ta zauna mini.

Wake ta kai kwana na takwas. Yaron ya ƙi zuwa lakwal, ya zauna kusa da ita a inuwa yana tsoma yatsa a ruwa yana ɗiga mata a baki. Babansa ya ce a yanka ta ta huta tun da sauran rai. Yaron ya dube ni. Na ce, "Malam, a bar masa ita, ai ba ci za mu yi ba." Da magariba ta cika a gabansa. Bai yi kuka a lokacin ba, sai da dare na ji shi yana shessheƙa cikin bargo.

Cikin goma sha bakwai, biyu suka rage: durguwa, wadda ko atishawa ba ta yi ba, da wata farar sagara da ta tashi amma wuyanta ya zauna a karkace.

Abin bai tsaya a gidana ba. Kajin Hajiya suna tsallako katanga su sha ruwa a kasakena, tun da ta san ina ajiye ruwa mai sanyi. Nata tara ne, bakwai suka tafi. Gida biyu a bayanmu ma an yi asara. Na shiga wajenta na durƙusa na ce, "Yaya, ni na jawo miki, zakaran da na sayo ne." Ta ce, "Tashi ƙanwata, Allah ne ya kawo, duk shekara sai ta zo ta wani gida." Ta yafe tun kafin in rufe baki, amma ni na daɗe ban iya haɗa ido da ita ba. Da kuɗin ƙwan nan take sayen goro da sabulu.

Na hana a jefar da mushen a juji ko a kwari, inda karnuka za su ja su zuwa wasu gidaje. Muka haƙa rami mai zurfi a bayan gida, muka zuba su, muka rufe da toka da ƙasa, muka ɗora duwatsu. Wake kuwa yaron ya ce ba za a haɗa ta da sauran ba, ya haƙa mata nata da hauya. Na ƙona zanar rumfar da buhunan, na kankare ƙasar wurin na fitar, na fasa kasaken, na bar filin a buɗe rana ta dake shi. Ranar da na yi shekara ina ɓoye musu ita, ita na bar wa wurin ta wanke.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mini nauyi fiye da yadda zan iya faɗa wa mutane. Da asuba hannuna yakan kai kan kwanon dusa in cika shi kamar da, sai in tuna biyu ne. Gidan ya yi shiru, babu cara, babu kyarkyara. In na ce raina ba daɗi, sai a ce, "Kaza ce fa, Allah ya mayar da alheri." Na san gaskiya suke faɗa, a garin nan mutane suna rasa abin da ya fi kaza nesa ba kusa ba, shi ya sa na riƙa haɗiye abina. Amma ni na san kowacce da halinta. Na san wadda ba ta shan ruwa sai kowa ya gama, na san mai satar shiga madafa. Na ɗauko uwayensu a kwando daga hannun mahaifiyata, na raba ruwan shana da su a Mayu, sannan da hannuna na kawo musu ajali. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mini rai.

Wanda ya sauƙaƙa mana wani kawun maigidana ne, malami, da ya zo gaisuwa ya ga yaron ya rame. Da ya ji dalili bai yi dariya ba. Ya zaunar da shi ya ba shi labarin ƙanen Anas ɗan Malik, wani yaro da ake wa alkunya da Abu Umair, mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gan shi cikin baƙin ciki, ya riƙa tambayarsa cikin lallashi, "Ya Abu Umair, me ɗan tsuntsu ya yi?" Sannan kawun ya juyo wajena ya ce, "'Yata, ruwan da kika shayar da su ba a banza ya tafi ba, an ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta." Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun farko. Da na kira Inna na faɗa mata, ta ce ita ma sau uku annoba tana share mata akurki, har yau tana tuna wata baƙar kaza da ta rasa tun kafin a haife ni.

Wata biyu ban kawo ko tsako ba. Da na tashi farawa, rigakafi na fara nema. Akwai na allura, akwai na ɗigawa a ido, ɗigo ɗaya ga kowace kaza, babba ko tsako, a maimaita bayan wata huɗu, kuma masu lafiya ake yi wa, ba waɗanda suka kamu ba. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, in an buɗe ta kuma ba ta kwana. Don haka na bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya, na ce kowa ya kulle kajinsa ranar kaza, mu haɗa kuɗi. Wasu sun ce ba su taɓa jin an yi wa kaza rigakafi ba, wata ta ce tsoro take kada ɗigon ya kashe mata su. Gida shida suka yarda. Ma'aikacin ya zo da sassafe da kwalbar cikin ƙanƙara, muka gama kafin rana ta yi zafi. Na rubuta watan da za a sake a jikin ƙofar madafa da gawayi.

Zakara kuwa aro na yi daga ɗaya daga cikin gidajen da aka yi wa rigakafin, shi ma sai da ya yi mako biyu a kwando a zaure. Farar mai karkataccen wuya tana nan, ba ta iya saran ƙwaya a ƙasa daidai, sai na zuba mata a gwangwani mai zurfi, ita kaɗai. An ce in yanka ta, na ce a'a.

Bayan ruwan Agusta durguwa ta hau ƙwai tara, ta fito da bakwai. Yaron ya tsaya daga nesa yana kallo, ya ce shi ba ya son ko ɗaya ta zama tasa, ban kuma matsa masa ba. Da suka yi wata biyu, an ɗiga musu maganin, na zaɓi sagaru uku mafi ƙiba na sa a kwandon da Inna ta ba ni. Na ce masa ya ɗauka ya biyo ni. Muka yi sallama gidan Hajiya, ta buɗe zanen ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga fukafukansu, ta ce wa jikarta ta ɗauko kasko ta zuba ruwa.